Tafkin da Kawu Ya Gani

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina koyarwa a wata ƴar lakol mai aji biyu, a wani ƙauye kudu da Cadawa. Shekaruna ashirin da uku, ban yi aure ba, ina zaune gidan kawuna, wan mahaifiyata, don shi kaɗai ne nawa a garin. Yara da manya Mushe suke kirana, yadda ake kiran kowane malamin lakol. Kawu ma haka yake kirana, sai dai shi in ya faɗa yakan ja kalmar kaɗan, yadda zan gane bai manta lokacin da yake ɗaukata a wuya ba.

Da aka koma karatu bayan damina, sai ga takarda daga buro, wato ofishin manyanmu, cewa daga yanzu a riƙa koya wa yara ƙasarsu, a ba su labarin kyawawan wurarenta don su tashi da sonta. Sau uku na karanta takardar. Littattafan da ke cikin akwatina duk na Faransa ne. Na san kogunan can ɗaya bayan ɗaya, na san duwatsunsu masu ƙanƙara a ka, ina iya zana su a allo ba tare da na duba littafi ba. Amma ƙasar da aka ce yanzu tamu ce, iyakata da ita Maradi ta yamma, Damagaram ta gabas, can ɗin ma karatu ya kai ni, ban san komai ba sai cikin katangar makaranta. Me zan ce wa yaran nan ya fi kyau? Gonar gero suka baro suka zo aji, gonar gero za su koma.

Sai na ce bari in tambayi waɗanda suka yi yawo.

A ƙofar gidan Kawu akwai wata tsamiya, nan dattawa ke taruwa bayan la'asar. Shi Kawu falke ne a da, ya fi shekara talatin bisa hanya kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya kai kanwa kudu, ya ɗauko goro daga Gwanja, ya je Kumasi, ya taka har bakin teku a Ankara. Ta arewa ya bi Buzaye zuwa Agadas, ta gabas ya ga ruwan Cadi. A lokacin da nake ba da labari aikinsa tufka igiyar kaba, ƙafa ɗaya miƙe, bakin igiyar ɗaure a babban yatsa.

Ranar na zo na tsuguna gefe, na bari aka gama maganar gyaɗa, sannan na ce ina da tambaya. Duk wuraren da suka taka a duniya, ina ya fi kyau?

Wani tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi shi ya fara. Ya ce akwai wani birni bakin ruwa can ƙasar Nasara, gidaje bisa gidaje har kan dutse, in jirgi ya doso shi da safe sai ka ce fararen zannuwa aka shanya. Limamin garin, wanda ya je Makka a ƙasa, ya ce shi bayan Madina bai ga abin da zai kira kyau ba. Kowa ya yi salati, ba mai ja da wannan. Sai aka juya ga Kawu, don an san duk wurin ba wanda ya kai shi cin hanya. Ni na riga na shirya zan ji teku.

"Ni dai wani tafki ne," in ji Kawu, bai ko ɗago daga igiyarsa ba. "Nan kusa. Bai wuce kwana biyu ko uku a ƙasa ba."

Kowa ya kasa kunne.

"Ina saurayi muka biyo ta wurin da Baba, da jakuna, ƙarshen damina. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinka. Itatuwan kanya tsaye a ciki, ruwa ya kai musu ƙugu. Bado ya rufe bakin ruwan, fari fat, balbelu sun sauka bisa rassa har ba ka raba fure da tsuntsu. Shanu na ratsawa, kai da ƙaho kawai kake gani. Ga wata Bafulatana zaune bakin ruwa, ta miƙo mini ƙwarya da nono. Na ga teku, na ga Cadi. Ban sake ganin irin wannan ba."

Tsohon soja ya yi dariya har da tari. "Ka je inda ruwa ya haɗu da sama, ka dawo ka ce kududdufin bayan gari?"

Wani ya ce ai Madarumfa yake nufi. Kawu ya ce ya san tafkin Madarumfa kamar yunwar cikinsa, ba shi ba ne. Nasa gabas yake da Agiye, in ka ɗan karkata kudu.

Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na tashi na je lakol na ciro taswirar da ke rataye a bango, na kawo na shimfiɗa a ƙasa gaban dattawa. Na nuna musu Maradi, na nuna Agiye, na nuna Gazawa, na bi duk tsakani da yatsa. Sannan na ce, da murya irin ta aji, "Kawu, babu tafki a nan. Da yana nan da an zana shi."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Wanda ya zana ta, ya sha ruwan wurin?"

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya naɗe igiyarsa ya shige gida tun kafin magariba. Kwana da kwanaki in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice. Labari ya kai wa mahaifiyata a Cadawa, ta aiko a faɗa mini cewa ba ta kai ni lakol don in ƙaryata wanta a gaban mutane ba. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma haƙurin irin wannan da ƙafa ake ba da shi. In an rufe lakol, damina ta ja baya, za mu je in gani da idona.

Darasin kuwa na yi shi yadda na iya. Na ba yara labarin duwatsun Agadas da kogin Kwara, wuraren da ban taɓa gani ba, da kalmomin da na aro wurin wasu. Suka rubuta, suka haddace, aka wuce wurin.

Na ɗauka Kawu ya manta. Sai da gero ya fara nuna, saura kwana goma sha a koma karatu, wata safiya ya leƙo ɗakina da sandarsa da ƴar jakar fata, ya ce, "Mushe, gobe kasuwar Agiye. Akwai mota."

Muka shiga bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da awaki da masu tabarmi. A Agiye wani abokin fataucinsa ya ara mana jaki, ya kuma tambaye mu inda muka nufa. Da Kawu ya faɗa masa, sai ya daɗe yana shafa gemu, ya ce shi dai ya bi hanyar nan ba sau ɗaya ba, bai tuna ba, amma tun da falke ya ce ya gani, to ya gani. Bakin gari wani jandarma ya tsayar da mu, ya dubi takardata ta aiki, ya tambaye ni da Faransanci me ya kawo malamin lakol nan da tsoho bisa jaki. Na ce tafki muke nema. Ya ce wane tafki? Na ce ban san sunansa ba. Ya ce a ina? Na ce abin da muke nema ke nan. Ya juya ga Kawu da Hausa, "Baba, lafiyar ɗan naka ƙalau?" Kawu ya ce ƙalau, karatu ne ya yi masa yawa. Ya ba mu hanya yana girgiza kai.

Kawu na bisa jaki, ni ina ƙasa cikin takalmin da nake shiga aji da shi. Kafin azahar ya yi mini ƙanta biyu, na cire na rataya a wuya.

Abin da ya fara rikita Kawu shi ne daji. Shi a kansa, daga Agiye in ka yi kudu maso gabas, kurmi ne, sai ka yi yini ba ka ga ɗan Adam ba, ana tsoron kura. Mu kuwa gona muke fita mu shiga gona, gyaɗa da gero har inda ido ya tsaya, kowane tudu da ƴan bukkoki da rumbuna. Ya nemi wata kuka da ya ce a gindinta ake juyawa dama. Muka ga kuka huɗu, kowace ya zagaya ta ya ce kamar ita ce, kamar ba ita ba. Garuruwan da ya ambata wasu ba a san su ba, wasu an ce sun tashi tun tuni, waɗanda muka tarar kuwa gidan wane ne, gidan wane ne, sunayen mutanen da shi ya girme su.

An ce matambayi ba ya ɓata. Mu tambaya ce ta ɓatar da mu. Duk garin da muka tsaya, da zarar Kawu ya fara ba da labarin bado da balbelu, sai wani ya ce ai ya san wurin, ya nuna da hannu. Na farko ya tura mu wani rami da aka haƙa ana buga tubali, ruwan kore, kwaɗi na ta kuka. Na biyu ya ce mun wuce shi tun safe. Wata tsohuwa da ke jan ruwa a rijiya ta ce akwai tafkin amma na aljanu ne, ba kowa ake nuna wa ba, kuma in ka gan shi sau ɗaya ka gama. Kawu ya ce mata shi nono ya sha a wurin, aljanu ba sa tatsa. Ta ce wa ya gaya maka.

Muka kwana gidan wani mai gari. Washegari da hantsi muka gangara cikin Gulbin Kaba, ta wajen Gazawa. Ban taɓa shiga wurin ba. Goriba ce tsaye dubu bisa dubu, kowace ta rabu biyu a sama, ta sake rabuwa, rana na ratsa ganyen tana sauka ƙasa tsinke-tsinke. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa na ƙamshi, ciyawa ta kai gwiwa, ga ƴan tafkuna nan da can suna ƙyalli. Wasu mata na yankan kaba suna waƙa can ciki, muna jin muryarsu ba mu ganinsu. Na tsaya riƙe da igiyar jaki, na manta da ƙafata. Na tabbata a raina mun iso, har na fara shirya kalmomin da zan ba shi haƙuri karo na biyu.

"Kawu, nan ne ko?"

Ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai taya akuyar da bai yi niyyar saye ba. "Wannan ai Gulbin Kaba ne. Goriba ce kawai. Mu je."

Idan wannan goriba ce kawai, to me muke nema? Tun daga nan na fara kasa kunne sosai ga yadda yake ba da labarin, sai na lura yana motsi. A gida ya ce itatuwan kanya ne, a wani ƙauye ya ce tsamiya. Jiya rana na fitowa daga bayan ruwan, yau tana faɗuwa cikinsa. Da na tambaye shi me jakunan suka ɗauko, ya ce kanwa mana, can kuma ya ce a'a, kamar akwai turmi a bisa ɗaya. Na ce wane falke ke yawo da turmi? Ya ce in bar shi da surutu, rana na dukansa.

Kwana na uku muka yi ta kudu, bisa maganar wani makiyayi da ya ce shanunsa na shan ruwa wani wuri mai bado. Da la'asar muka tarar da wani mutum yana ɗaurin gero, muka yi sallama, ya ba mu ruwa. Ya dubi wandona ya ce, "Ku mutanen Faransi ne?"

Na ce mu mutanen Nijar ne, Faransi sun tafi.

"To, ai kun baro ƙasarku tun wancan marken. Nan Ingilishi ne. Ko da yake mu ma an ce sun tafi."

Na waiwaya na dubi marken. Ba tuta, ba dutse, ba komai, gero ta nan gero ta can. Ni da na yi shekara ina nuna wa yara layin iyaka da sanda, na tsallake shi ba takalmi ban sani ba. Wurin mai badon da makiyayi ya faɗa muka same shi gaba kaɗan, bai fi faɗin masussuka ba, furanni biyar ko shida, da jaki ɗaya na wani yana sha.

Nan Kawu ya sauka ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba.

"Mushe," ya ce, kuma wannan karon bai ja kalmar ba, "ko dai mafarki na yi?"

Da a gindin tsamiya ya faɗi haka wata goma da suka wuce, da na ji daɗi. A wurin kuwa sai na ji ba na so. Na ce mafarki ba ya shekara arba'in a kan mutum da ƙamshin nono a ciki. Na tambaye shi ko akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka yi tafiyar. Ya ce Baba ya rasu, abokan Baba duk sun rasu. Sai dai ko Yaya ta taɓa jin Baba ya ambata.

Yayar tasu, babbar ƴar gidan, tana zaune inda ta yi aure, a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, can yamma, bayan inda muka fito. Sau biyu kawai na taɓa ganinta. Kawu ba ya son zuwa wurinta, ya ce tun suna yara ba ta taɓa bari ya gama magana ba. Amma ba mu da wata dabara. Muka koma Agiye muka mai da jaki, muka bi mota ta wuce da mu ta Cadawa ba mu sauka ba, daga inda ta ajiye mu muka ƙarasa a ƙasa, sannu sannu saboda gwiwarsa.

Muka same ta da hantsi a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma hannunta na juya mazari kamar ba nata ba. Aka gaisa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, matar ɗanta ta kawo fura. Sai da aka sha sannan Kawu ya kawo maganar, yana kewaye-kewaye, ya ce ko ta taɓa jin Baba na zancen wani tafki gabas da Agiye, mai bado da balbelu.

"Gabas?" in ji ta. "Wa ya kai ka gabas? Nan ne bayanmu, cikin Gulbi, kafin ka kai Tibiri. Kuma ba tafki ba ne. Gulbi ne ya cika ya kwanta bisa gonakin mutane."

"Yaya, ba ki gane ba. Wannan ina saurayi ne, muna fatauci da Baba."

"Kana saurayi. Ko wando ba ka da shi. Shekarar da muka taso daga Tibiri ne, Baba ya ce zai je ya sari daji gabas. Ruwa ya tare mu, muka yi kwana bakwai bisa tudu muna jira ya janye. Ni na riƙe hannunka, kana ta zillo za ka kama tsuntsu."

"Da jakuna fa? Da kaya?"

"Jaki biyu, na aro. Tukwane da turmi da tabarmi."

Na dubi Kawu. Bai dube ni ba.

"To Bafulatanar fa," ya ce, "wadda ta ba ni nono?"

Mazarin ya tsaya. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Wace Bafulatana? Innarmu ce. Wajen Fulanin da ke gefenmu ta samo maka, don ka ƙi cin tuwo. Uwar wannan yaron na goye a bayanta. Inna ba ta ga kaka ta biyu a sabon gari ba."

Na san tun ina yaro cewa kakata ta rasu mahaifiyata na jinjira, kishiyar uwa ba ta shiga labarin ba, gwaggonsu ce ta raine su. Kuma na sha jin Kawu yana cewa shi bai san fuskar uwarsa ba.

Can ya ce, da ƙarfi kaɗan, "A'a. Ina da tsawo a lokacin. Na tuna ina kallon ruwan daga sama."

"Bisa wuyan Baba kake."

"Na tuna kanwa."

"Kanwa ka yi shekara talatin kana tunawa, ta shiga ko'ina."

Suka yi ta yi, shi yana kawowa tana kaɗewa, har ya tashi ya fita wai zai yi alwala, alhali azahar da saura. Ina zaune ina jin kamar an warware mini komai, sai matar ɗanta ta matso ta ɗauki ƙwarya, ta ce mini ƙasa-ƙasa kada in ɗauki duk maganar tsohuwa, kwanakin nan tana haɗa zamani da zamani. Shekaranjiya ma ta ce a je a taro mijinta daga gona, shi da ya rasu shekara tara. Kamar don ta tabbatar, da zan tashi tsohuwar ta kama hannuna ta tambaye ni ko amaryata ta haihu. Da mahaifina take magana.

Sai na koma inda nake, ko ma baya. Wa zan gaskata, wanda labarinsa ke sauyawa daga gari zuwa gari, ko wadda ba ta san da wa take magana ba? Amma turmin fa? Shi da bakinsa ya ambaci turmi tun muna wajen Gazawa.

Washegari muka je wurin da ta kwatanta, tafiyar rabin yini. Akwai tudu, gaskiya. Muka hau. Ƙasa da mu fadama ce shimfiɗe, dawa ta yi duhu, ga rogo, ga taba, ga manyan itatuwan kanya tsaye cikin gonaki nan da can. Gulbin kansa can tsakiya yake, siriri, ja, yara na wanka. Ba bado. Balbelu uku na bin wani sa. Wani manomi da muka tambaya ya ce e, wasu shekaru ruwa kan hau har gindin tudun nan, kakansa ya ce an taɓa yin wanda ya fi haka. Amma ya ce tudu irin wannan akwai su da yawa daga nan har Gidan Rumji, kuma ko'ina ruwa na hawa.

Kawu ya gangara shi kaɗai da sandarsa, ya je gindin wata kanya ya tsaya. Ya dafa ta, ya ɗaga kai ya dubi rassa, ya juyo ya dubi tudun da nake. Ya daɗe. Da ya dawo yana haki ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Gonaki na gani, Kawu."

"Ni ma."

"Nan ne?"

"Ban sani ba, Mushe. In na rufe ido nan ne. In na buɗe ba nan ba ne."

Muka koma muka kwana gidan Yaya. Da safe da za mu yi sallama ya tsuguna gabanta, abin da ban ga ya yi ba ranar da muka zo. Ya daɗe yana gyara bakin tabarma da yatsa, sannan ya ce, "Yaya, doguwa ce?"

Ba ta tambaye shi wa yake nufi ba. "Ba ta da tsawo. Je ka dubi ƙanwarka, ita ta kwaso Inna duka, har tafiyar. Goshin ne kawai na Baba."

Muka kama hanya. Ina ta lissafin abin da zan faɗa wa dattawa a gindin tsamiya, don na san tsohon soja na jiranmu, kuma na kasa samun amsar da ba ƙarya a cikinta. In na ce mun samu, ban gani ba. In na ce babu, na tsaya bisa tudun. Daga baya da suka tambaya, cewa na yi mun je, kuma ƙasar ta fi yadda na zata girma. Suka ce wannan ba amsa ba ce. Na ce ita ke gare ni.

Amma kafin nan, da mota ta iso Cadawa, Kawu ya buga jikinta ya ce a sauke mu. Na ce ai da sauran rana, za mu iya kai gida. Ya ce zai gaida ƙanwarsa.

Muka tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi murna, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Yaya da jikinta, ta dubi ƙafafuna ta ce Allah ya ƙara. Sannan ta koma kan aikinta tana ba mu labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu tun tafiyarmu. Kawu kuwa idonsa na kanta. Ta tashi ta ɗauko itace, ya bi ta da ido har ta dawo. Ta duƙa ta hura wuta, yana kallo. Ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta juyo, suka haɗa ido.

"Yaya, lafiya kake kallona haka? Ko wani abu ya faru a can ba ku faɗa mini ba?"

"Ba abin da ya faru," in ji shi. "Ci gaba da aikinki."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai, don ban san ta inda zan fara ba. Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe, tana ɗagowa jifa-jifa. Ranar ba mu koma gida ba, washegari ma Kawu ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba. Ni na wuce na bar shi can, don saura kwana biyu a buɗe lakol kuma ban share aji ba.